Yadda ma'aurata za su shirya hutun mako guda a tsaunuka

Kun sha tambayata yadda miji da mata za su huta a tsaunuka hankali kwance, ba fargabar abin da za su ci. Ga matakan:

1. Ku zaɓi gari ɗaya ku zauna. Canza masauki kullum gajiya ce kawai.
2. Ku kama ɗaki mai kicin.
3. Ku sayi naman halal a birni kafin ku hau. A ƙauyukan sama ba lalle ku samu ba.
4. A gidan abinci, ku tambayi abin da aka zuba a miya. Hattara, nan ake yawan kuskure: wasu da giya ko kitsen alade ake dafa su, kayan zaƙi kuma kan ƙunshi jelatin, wani sinadari da akan samo daga fata da ƙashin dabbobi, har da alade. In kuna shakka, ku ci gasasshen kifi ko dafaffen ƙwai.
5. Ku ɗauki rigunan sanyi. Duk hawan mita 1,000, zafi kan ragu da kusan digiri 6.
6. Ranar farko ku huta. Sama da mita 2,500, ciwon kai da jiri kan kama baƙo. In ya tsananta, ku sauko.
7. Ku sauke manhajar alƙibla tun kuna ƙasa, don intanet kan yanke.
8. Ku bar kwana ɗaya ba shirin komai, sai hira.