Yadda ake tara gudummawa a sayi kurmi don a hana sare shi

A 1987 wasu 'yan firamare a Suwidin suka ji labarin kurmin Monteverde na ƙasar Kosta Rika, wanda ake ta sarewa ana mayar da shi wurin kiwon shanu. Suka shiga sayar da kek da shirya wasanni, kuɗin da suka samu aka sayi fili da shi. Yaran ƙasashe sama da 40 suka bi sahu, yau dajin ya haura hekta 22,000. Mai son yin irin wannan, ga hanyar.

Da farko nemo wanda zai riƙe takardar filin, kuma ba kai ba ne. Ƙungiya ce ta 'yan ƙasar, mai rajista, wadda ta san kotunansu. Yaran Suwidin ba su mallaki ko taku ɗaya ba, ƙungiyar Monteverde Conservation League ce ta riƙe. Haka World Land Trust ta Ingila, wadda aka kafa a 1989, take yi: ita ke tara kuɗi, abokan aikinta na ƙasar da filin yake ke mallaka.

Sai binciken filin. Na wane ne? Akwai masu noma ko farauta a ciki tun kaka da kakanni? In akwai, a zauna da su kafin a biya ko sisi. Filin da ke jikin gandun da aka riga aka killace ya fi daraja, don dabbobi su sami hanyar wucewa.

Na uku, a gutsuttsura farashin. Ka ce wa mutum kuɗinsa zai sayi eka ɗaya, ko rabi, ya fi saurin sa hannu a aljihu fiye da ka ambata masa miliyoyi.

Wajen karɓa, a buɗe asusun banki na musamman mai sa hannun mutum biyu. A yi shela a makarantu da Facebook da WhatsApp. In an dace da attajirin da zai ninka abin da aka tara, a faɗa tun farko.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne a zuba komai a saye. Takarda ba ta korar mai injin yankan katako. Dole a ware kuɗin masu gadi, da na kafa alamun iyaka, da na lauya. Kowa na son a ce ya sayi daji, amma albashin mai gadi ba ya burge kowa, don haka a cusa shi cikin farashin ekar tun daga fari.

Da an kammala ciniki, a tura wa masu gudummawa taswirar filin da hoton takardar.