Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura na'urar fesa ruwa da metanol a mota mai turbo

Turbo matse iska yake yi ya ɗura wa injin, iskar da aka matse kuwa zafi take ɗauka. Idan zafi da matsi suka yi yawa a cikin silinda, ragowar fetur ɗin da wutar fulogi ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Wannan ita ce ƙarar ƙwanƙwasar da ke cin bakin fistan, ta karya masa zobba. Don a hana haka ake fesa haɗin ruwa da metanol (wani nau'in sinadarin alkohol), galibi rabi da rabi, a cikin iskar kafin ta shiga injin. Ruwan na shanye zafi: kilo ɗaya na ruwa yana kwashe wajen kilojul 2,260 kafin ya zama tururi, kusan ninki biyu na abin da metanol ke ɗauka. Shi kuma metanol mai ne da ke jure matsi fiye da fetur. Dabarar ba sabuwa ba ce. Jamusawa sun sa ta a jiragen yaƙi irin su Messerschmitt Bf 109 a Yaƙin Duniya na Biyu, da sunan MW 50, kuma a 2016 kamfanin BMW ya fito da M4 GTS mai fesa ruwa zalla tun daga masana'anta. Na'urar tana aiki ƙwarai. Akasarin injinan da suka lalace a dalilinta, a wajen ɗauri da saiti aka cuce su.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a saita injin ya dogara da feshin, ba tare da an tanadi abin da zai faru ranar da feshin ya tsaya ba. Ga yadda abin ke tafiya. An ɗaura na'ura, an ga iskar shiga ta yi sanyi, ƙwanƙwasa ta ɓace, sai mai saitin kwamfutar motar ya ƙara matsin turbo, ya tura taimin (wato lokacin da fulogi ke ba da wuta) gaba, ya rage fetur tunda metanol na cike gurbi. Mota ta yi ƙarfi, kowa ya ji daɗi. To amma daga wannan lokacin ran injin yana hannun ƙaramin famfo da ƙaramar kafar nozul, wato bakin da ke fesa ruwan. Tanki ya ƙare, ko fis ya ƙone, ko datti ya toshe nozul, direba ba zai ji komai ba. Ya taka totur har ƙasa, injin ya samu matsi mai yawa da fetur kaɗan da taimin da ya wuce kima, cikin 'yan daƙiƙoƙi fistan ya narke. Fitilar da ke nuna ruwa ya yi ƙasa a tanki ba ta isa ba, don tanki na iya cike fal alhali ko ɗigo ba ya fita. Abin da ake buƙata sansa ce da ke auna gudun ruwan a cikin tiyo, wadda in gudun ya gaza ko ya wuce iyaka za ta sauke matsin turbo nan take, ko ta mayar da kwamfuta kan saitin fetur zalla. Ba direba ya kamata ya yi wannan aikin ba, domin idonsa na kan hanya.

Ko injiniyoyin Oldsmobile a Amurka sun san da haka tun 1962, lokacin da suka fito da Jetfire mai injin V8 da turbo. Motar tana da tankin haɗin ruwa da metanol da suka sa wa suna Turbo-Rocket Fluid, kuma idan ya ƙare akwai bawul da ke takaita ƙarfin turbo da kansa. Masu motocin sun riƙa barin tankin ya bushe suna kukan mota ba ta ja, har aka cire wa da yawa turbo ɗin aka mayar da su kan kafireto. Amma wannan bawul ɗin shi ya riƙa tsare musu injin. Abin takaici ne a ce bayan shekara sittin da wani abu ana kashe kuɗi kan famfo mai kyau, a tsallake wannan kariyar.

Kishiyar wancan kuskuren ita ce ruwa ya shiga lokacin da ba a neme shi ba. Yawancin mutane a but suke ajiye tanki, kuma sau da yawa saman ruwan da ke ciki ya fi nozul tsawo, musamman in an faka mota a gangare kanta na ƙasa. Famfo a kashe yake, amma ruwa na bin tiyo yana ɗiga cikin bututun iska dare guda. Haka nan idan aka sa nozul a bayan bakin totur, inda injin ke zuƙa da ƙarfi duk lokacin da aka ɗaga ƙafa, zuƙar kaɗai ta isa ta jawo ruwa. Ruwa ba ya matsuwa. In ya taru a silinda aka ba mota wuta, fistan ya taso ya same shi, sandar da ke haɗa fistan da ƙaramshaf ce za ta lanƙwashe. Maganin ba shi da wuya: bawul mai hana ruwa wucewa sai famfo ya turo da ƙarfi, a ɗaura shi dab da nozul, a kuma duba kibiyar da ke jikinsa don kada a juya shi. Inda tanki ya fi nozul tsawo ko nozul ke wurin zuƙa, a ƙara bawul na lantarki da ke buɗewa tare da famfo kawai. Kusancin na da dalili, domin duk ruwan da ke tsakanin bawul da nozul zai tsiyaye ko da bawul ɗin ya rufe.

Sai wurin da ake huda wa nozul. Gurbinsa yana bayan intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matse, kafin bakin totur, da ɗan tazara yadda feshin zai gauraya da iska. In aka sa shi kafin intakula, hazon zai taru ya koma ruwa a cikinta, sanyin da ake nema ma ya ragu. In aka sa shi kafin turbo ba tare da feshi mai matuƙar laushi ba, ɗigon ruwa zai riƙa dukan fukafukan da ke juyi sama da sau 100,000 a minti, a hankali ya cinye musu baki. Kada feshin ya taɓa sansar da ke auna yawan iska, don jiƙa ta na sa kwamfuta ta yi lissafin fetur ba daidai ba. A kuma lura da bawul ɗin da ke sakin iska in an ɗaga ƙafa: nozul ya kasance bayansa, in ba haka ba abin da aka fesa zai bi ta nan ya fita ko ya koma bakin turbo. Kan nozul ya shigo daidai da cikin bututu, kada ya maƙale a cikin kaurin ƙarfe feshin ya riƙa bugun gefen rami, kuma a huda ta gefe ko ta sama, ba ta ƙasa ba.

Akwai masu ganin babban nozul shi ne ƙarfi. Ruwa ya yi yawa, wutar konewa ke raunana, mota ta riƙa shaƙewa tana tsallake wuta daidai lokacin da turbo ya fara cika, wani ɓangaren kuma ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. A fara da ƙaramin da takardar na'urar ta ba da shawara gwargwadon ƙarfin injin, a ƙara in awo ya nuna ana bukata. Na'ura mai ƙara feshi sannu a hankali yadda matsi ke hawa ta fi mai maɓallin kunnawa da kashewa. Kuma a tuna metanol mai ne: fetur na son kashi 14.7 na iska kan kashi ɗaya, shi kuma wajen 6.4, don haka dole a sake duba haɗin mai da iska da ma'auni a salansa bayan an fara feshi. Saitin kunne ba ya aiki a nan.

Abin da ake zubawa a tanki shi ma yana kashe na'ura a ɓoye. Ruwan famfo na da gishirin ƙasa da ke daskarewa a kafar nozul, wadda ba ta fi bakin allura faɗi sosai ba. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi ake so. In kuma ruwan wankin gilashin mota za a zuba a maimakon haɗin, sai an karanta jikin jarka, domin wasu na ɗauke da sabulu ko gilaikol, su bar danƙo a bututu da fulogi. In an zaɓi rabi da rabi, a tsaya a kai kullum, tunda a kansa aka yi saiti.

Famfo ya zauna ƙasa da tanki kuma kusa da shi, don ya fi iya turawa fiye da jawowa. Tanki ya samu kafar shan iska. Tiyon nailan a yanke shi a miƙe da reza mai kaifi, ba da filaya ba, in ba haka ba zai yi yoyo a mahaɗa da zarar matsin ruwan ya kai 150 ko 200 a ma'aunin psi. A nisanta shi da salansa da jikin turbo, a sa masa roba a duk inda ya ratsa ƙarfe. Wuta ta fito daga batir ta bi ta fis da rile, wayar at (wato ta negatif) kuma a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare wa fenti.

Metanol guba ne. Kaɗan aka sha yana makantarwa ko ya kashe, yana shiga jiki ta fata da numfashi, kuma harshen wutarsa da kyar ake ganinsa da rana. Shi ya sa zuba shi zalla a tankin roba cikin but, ba tare da kayan da aka yi domin haka ba, ganganci ne. Ko haɗin rabi da rabi ma yana iya kamawa. A sa safar hannu, a haɗa shi a fili, a rubuta suna a jikin jarka a ɗaga ta inda yara ba sa kaiwa.

Kafin a ɗaure nozul a bututu, a riƙe shi a waje a kan farin tsumma, da ruwa zalla a tanki, a kunna famfo. Da farko zai yi tari yana fitar da iska, sannan feshi ya fito kamar hazo, a zagaye, ba tsiri ba ɗigo. A kashe famfo a zuba wa bakin ido: in ya ci gaba da ɗiga, bawul bai riƙe ba. Bayan an gama ɗauri, a cire wayar famfo da gangan, a ɗan taka mota a hankali a wurin gwaji a ga ko matsin turbo ya sauka da kansa. In bai sauka ba, kada a taɓa taimin tukuna. Wannan gwajin na nozul a riƙa maimaita shi duk lokacin canjin baƙin mai, a wanke 'yar matatar da ke bayansa kafin a mayar.