Saƙar abin wuya mai launi biyu irin na Norwe: ku kula da zaren baya

'Yan uwa masu saƙa, duk mai son fitar da tauraron Selbu, zanen nan mai ganye 8 na ƙasar Norwe, a abin wuya na sanyi mai zagaye, to aikin yana ta gefen baya na saƙar. Launi biyu ne a kowane zagaye, zaren da ba a saƙawa yana bi ta baya. Idan ya matse, saƙar za ta tattare, kan mutum ma ya ƙi shiga. Kafin ku canza launi, ku baje idanun saƙa (zoben zaren) da ke kan allurar dama, sannan ku ɗauko zaren sako-sako. In launi ɗaya ya wuce ido 5, ku saƙale ɗayan a tsakiya, amma ku riƙa sauya wurin, don kada ya leƙo ta gaba.

Zaren zanen ya riƙa fitowa ta ƙasa, na fili ta sama, har ƙarshe. Da zarar an musanya su, tauraron zai dushe.

Wajen awo, siririn zaren ulu da allura mai igiya ta milimita 3 kan ba da kusan ido 26 a santimita 10. Abin wuya mai kewayen santimita 60 zai ci ido 156, amma ku daidaita adadin ya rabu daidai da maimaicin zanen. Ku saƙa ɗan gwaji a zagaye tukuna, don launi biyu ya fi ɗaya matsewa. In ya matse, a ƙara kaurin allurar da rabin milimita. Bayan gamawa a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi kaɗan, a shimfiɗa ya bushe, ban da murɗewa.