Yadda ake haɗa kafen Habasha mai suyar sama-sama ba tare da ya yi tsami ba

Mutum uku na gani a nan Maradi sun zubar da kafe mai tsada, kowa yana cewa an cuce shi. Na ƙarshen abokina ne, ƙanensa ya yo masa tsarabar ƙulli guda daga Addis Ababa. Kurɓa ɗaya ya yi ya ture kofin, ya ce mini, "Malam, wannan ai ruwan tsamiya ne." Da na leƙa turminsa sai na tarar da tsaki manya-manya. A nan ya ɓata shi.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Nau'in kafen da ake kira Arabika ne, wanda ake nomawa a tsaunukan kudancin Habasha, su Yirgacefe da Sidama da Guji, inda gonaki da yawa ke tsakanin mita 1,800 zuwa 2,200. Maradi kuwa ba ta kai mita 400 ba. Sanyin daren can ke sa 'ya'yan su daɗe kafin su nuna, ƙwayar ta yi tauri, ta tara zaƙi da ɗan tsami mai daɗi irin na lemu. Masu suya kan sauke ta da zarar ta fara fashewa a wuta, wajen digiri 200, don kada ƙauri ya danne ƙamshin. Shi ya sa launinta ya yi kama da na soyayyar gyaɗa, babu maiƙo a jikinta. Kada ka nemi ɗacin kafen gwangwani na teburin mai shayi a cikinta, wancan akasarinsa wani nau'in ne daban, Robusta, na ƙasa mai zafi.

Taurin nan shi ke kayar da mutane. Ruwa ba ya ratsa ƙwaya mai tauri da sauri, kuma tsamin ne ke fara fita, zaƙin yana baya. In tsakin ya yi girma, tsamin kaɗai za ka sha. To ka daka iya na sha ɗaya, babban cokali biyu da tozo, wajen giram 15. Ka daka kaɗan, ka tankaɗe da rariya, ka mayar da abin da ya rage a turmi, ka sake. Sau uku ko huɗu nake yi. Abin da ake so ya yi laushin sukarin gari, ka murza a yatsa ka ji ƙwaya-ƙwaya daidai da juna, ba lilis kamar garin tuwo ba. Turmin da ya taɓa ganin yaji ko daddawa kuwa, kada ma ka kusance shi. Ƙaramin turmi sabo ba wani kuɗi ba ne, ka ware shi don wannan aikin kaɗai. Mai hali ya sayi injin niƙa na hannu, ya huta da tankaɗe. Injin unguwa ban yarda da shi ba ko kyauta ne.

Ruwa millilita 250, wato rabin ledar ruwan sha mai rabin lita. Ya tafasa sosai, ka sauke, ka ƙirga ashirin, ka zuba. Masu barin shi ya huce suna ƙara wa kansu tsami ne. Ka sa garin a wata buta, ka fara jiƙa shi da ɗan ruwa, za ka ga ya kumbura yana kumfa, ka jira rabin minti, sannan ka juye sauran, ka motsa sau ɗaya, ka rufe butar. Minti huɗu. Kada ka mayar da shi kan gawayi kamar shayi.

Ka tace da takardar tacewa ko farin ƙyalle mai tsabta wanda babu ƙamshin sabulu. Ka bari ya ɗan sha iska, a nan ƙamshin fure ke fitowa. Madara babu, sukari ma sai bayan ka ɗanɗana. In har yanzu da tsami, gobe ka ƙara laushin daka ka ƙara minti ɗaya. Sauran ƙwayar ka zuba a kwalba mai murfi, ka ajiye ɗakin da ya fi sanyi, zafin Afrilu na kwashe ƙamshin da wuri.