Yadda Ake Gyaran Lilo da Gina Sabo a Lokacin da Aka Rufe Filin Shaƙatawa

Filin shaƙatawa na Cedar Point da ke Sandusky a jihar Ohio ta Amurka, a bakin tafkin Erie, yana karɓar baƙi tun shekarar 1870. Ana buɗe shi a watan Mayu, a rufe wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, domin daga nan sanyi da dusar ƙanƙara ke mamaye yankin. A waɗannan watanni shida na rufewa ne makanikai da masu walda da kafintoci ke yin aikin da lafiyar masu hawa lilo ta dogara a kansa. Duk mai kula da irin wannan fili, babba ko ƙarami, zai amfana da sanin yadda ake bin aikin daki-daki.

Abin da ake fara yi shi ne tsara jadawali tun kafin a rufe ƙofa. Kowane lilo yana zuwa da littafin kamfanin da ya ƙera shi, wanda ke faɗin abin da za a duba kullum, da na wata-wata, da na shekara-shekara, da kuma sassan da dole a canza bayan wani adadin aiki ko da ba su nuna alamar lalacewa ba. Sai a haɗa wannan da littafin da makanikai suka riƙa rubuta matsalolin da suka gani a tsawon shekara. Ya kamata a yi odar kayan gyara da wuri, domin manyan masu ƙera lilo irin su Bolliger & Mabillard da ke Suwizalan da Zamperla da ke Italiya suna nesa da yawancin filayen, kuma abin da aka nema a makare yakan iso a makare.

Da zarar an rufe, sai a sauko da taragan lilon daga kan dogonsu a kai su ma'aikata, a kwance su gaba ɗaya. Wannan ne sashen da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda bai kamata a gajarta shi ba. Taragon lilon da ke gudu a kan dogo yana da taya iri uku: masu bin saman ƙarfe, da masu riƙe gefe don kada ya zame, da na ƙasa waɗanda ke hana shi tashi sama idan ya zo ƙololuwar tudu. Kowace taya ana cire ta, a duba robar da ke kewaye da ita ko ta tsage ko ta fara rabuwa da ƙarfen ciki, a wanke tsohon girishi, a sa sabo. Haka ake yi wa sandar da ke danne cinyar mai hawa da bel ɗin kujera, domin makullinsu shi ne abin da ke tsakanin mutum da faɗuwa.

Sassan ƙarfen da ke ɗaukar nauyi kuwa, ido kaɗai ba ya isa a kansu. Ana kankare fentin wurin walda, a sa wa ƙarfen maganaɗisu, sannan a yayyafa masa ruwa mai ɗauke da garin ƙarfe. Idan akwai tsaga, ko da ba ta kai kaurin gashi ba, garin zai taru a kanta ya fito da siririn layi a ƙarƙashin fitila ta musamman. Ga ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa ana amfani da rini mai shiga tsaga, ga abin da ke ɓoye cikin ƙarfe kuma akwai na'urar da ke aika sauti ciki ta auna dawowarsa. Wanda ya sami horo da shaidar wannan aiki shi ya kamata ya yi shi, kuma sashen da ya faɗi gwajin a ajiye shi gefe da alama, kada ya koma cikin masu kyau bisa kuskure.

Shi ma dogon da ginshiƙansa ana bin su taku-taku. A ƙarshen watan Yunin 2023 wani baƙo a filin Carowinds na Amurka ya ɗauki bidiyon tsaga a saman ginshiƙin lilon Fury 325, mai tsayin kusan mita 99, tana buɗewa duk lokacin da tarago ya wuce. An rufe lilon, aka sauya ginshiƙin, aka sake buɗewa a watan Agusta. Saboda irin wannan ne ake hawa a duba kowace mahaɗa, a gwada ɗaurin kowane noti da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a kuma duba sarƙar da ke jan tarago sama tare da haƙoran da ke hana shi komawa baya. Idan lilon na katako ne, kafintoci suna cire allunan da suka ruɓe su sa sababbi. Lilon ruwa kuma ana kwashe ruwansa, a bushe fanfuna da bututu don kada ƙanƙara ta fasa su.

A Kano ko Kaduna ko Abuja ba dusar ƙanƙara ce ke kawo hutun ba. Cunkoson yara yana zuwa ne da bukukuwan Sallah, don haka makonnin da ke gabansu, musamman watan azumi, su ne damar babban gyara. Abin da za a fi sa wa ido shi ne ƙurar hunturu da ke shiga girishi ta mayar da shi abin cin ƙarfe, da tsatsar damina a gindin ginshiƙai, da kuma abin da lilo zai yi idan wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi. Wajibi ne a gwada wannan da gangan, ba kowa a kai.

Gina sabon lilo yana da nasa tsari, kuma yakan wuce hutu ɗaya. An rufe tsohon lilon katako na Mean Streak a Cedar Point a Satumbar 2016, kamfanin Rocky Mountain Construction ya ɗora dogon ƙarfe a kan ginin katakon, bai buɗe da sabon sunansa na Steel Vengeance ba sai Mayun 2018. Ana fara ne da gwajin ƙasa da awon fili, sannan a zuba kankaren harsashi tare da ƙusoshin da ginshiƙai za su zauna a kai. A nan ne ya kamata a fi tsananta awo, domin an riga an yanka ƙarfen a masana'anta, kuma kuskure kaɗan a harsashi zai hana dogo haɗuwa a sama. Bayan kankare ya yi ƙwari sai motar ƙugiya ta ɗaga ginshiƙai da dogo, daga bisani a ja wayoyi a kafa birki da kwamfutar sarrafawa. A ganina babban haɗarin wannan lokaci shi ne a kwashe ƙwararrun makanikai zuwa sabon aiki a bar tsofaffin lilo da rabin gyara, don haka gara a raba ma'aikatan tun farko.

Sabo da tsoho duka sai sun wuce gwaji kafin mutum ya hau. Ana fara jan tarago a hankali don a tabbatar hannun mai hawa ba zai taɓa komai ba, sannan a cika kujeru da gumakan roba masu ruwa a ciki, a yi ta zagaye ana auna gudu da kamun birki. Ana kuma gwada tsarin da ke hana tarago biyu shiga yanki ɗaya na dogo. A ranar 2 ga Yunin 2015 a filin shaƙatawa na Alton Towers da ke Ingila, wannan tsari ya tsayar da lilon Smiler saboda wani tarago marar kowa ya maƙale, amma aka ɗauka kuskuren na'ura ne aka sake shi da hannu. Taragon da ke ɗauke da mutane ya yi karo da wanda ya maƙale, 'yan mata biyu suka rasa ƙafa, kotu ta ci kamfanin da ya mallaki filin tarar fam miliyan 5 a 2016. Saboda haka horar da ma'aikata kan wanda ke da ikon sakin lilo bayan ya tsaya, da yadda ake sauko da mutane daga sama, yana cikin aikin hutu. Daga nan sai a gayyato mai bincike daga waje, wanda ba ya karɓar albashi a filin, ya duba takardun gyara ya sa hannu kafin ranar buɗewa.