Idan mota ta yi zafi a hanyar Bauchi zuwa Gombe

A zafin Maris da Afrilu, kafin in wuce Alkaleri sai na leƙa allurar zafin inji. Da ka ga ta doshi ja, kashe esi, gangara gefen titi, ka kashe mota. Ɗaga bonet, amma kada ka taɓa murfin lagireto. Ruwan ciki tafasasshe ne, zai watso maka a fuska. Jira kamar minti 30, sannan ka sa tsumma ka murɗe murfin sannu-sannu.

Duba fambel da tiyo, ka ga ko fanka na juyawa. In ruwan lagireto ya ragu ka ƙara, amma ruwan rijiya na fita kunya ne kawai, yana tara tsatsa. In allurar ta sake hawa, kira bakanike, don in zafi ya ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, gyaransa ya fi kuɗin janwe tsada.