Yadda za ka sa Linux ta daidaita awon sauti da na'urarka da kanta

Sautin faifan CD ana naɗe shi ne a kan awo 44,100 a kowace daƙiƙa, na bidiyo kuwa galibi 48,000. Duk sa'ad da ka kunna wani abu, sai manhajar da ke kunna shi, da PipeWire (tsarin da ke rarraba sauti a Linux), da direban ALSA (wanda ke magana da na'urar sauti kai tsaye) sun daidaita kan awon da za a bi. PipeWire, wadda Fedora, wani nau'in Linux, ta fara amfani da ita wajen sarrafa sauti a 2021, a kan 48,000 take tsaye, duk abin da ya zo da wani awo sai ta juya shi. Juyin nata mai kyau ne, da wuya kunne ya kama bambanci. Amma ni dai in na'urar za ta iya, na fi son sautin ya isa gare ta yadda aka naɗe shi.

Fara da tambayar na'urar abin da take iya karɓa. In ta USB ce, rubuta `cat /proc/asound/card1/stream0` a tamina, za ka ga jerin awon da take ɗauka. Lambar katin kan bambanta, `aplay -l` zai nuna maka taka. Kada ka tsallake wannan, a kansa sauran aikin ya dogara.

Sai ka buɗe sabon fayil a cikin `~/.config/pipewire/pipewire.conf.d/`, ka ba shi suna mai ƙarewa da `.conf`, ka zuba wannan:

`context.properties = { default.clock.allowed-rates = [ 44100 48000 96000 ] }`

Iya awon da ka gani a jerin nan za ka sa. Daga nan ka sake tayar da ita da `systemctl --user restart pipewire`.

Inda mutane da yawa ke rikicewa shi ne nan: PipeWire ba ta sauya awo sai na'urar tana zaune shiru. In akwai bidiyon da ke tafiya a burauza, ya riga ya kama 48,000, to waƙar da ka kunna bayansa dole ta bi shi, domin sauti biyu ba sa fita ta na'ura ɗaya a kan awo daban-daban. Rufe komai tukuna, ka ɗan jira, sannan ka kunna.

Yayin da waƙar ke tafiya, duba `/proc/asound/card1/pcm0p/sub0/hw_params`. In layin `rate` ya nuna 44100, an daidaita.